Gyaran Muryar Baba

"Karanta!" in ji Fa'iza, ta dangwara masa takardar gwajinta a kan teburin koko, kusa da kwanon sukari.

Muftahu ya ɗauka yana murmushi, don shi a zatonsa abin arziki ne. Kafin idonsa ya kai ƙasan shafin murmushin ya gudu.

"Uku... cikin talatin?"

"Ba nan ba. Karanta abin da Dokta ya rubuta da jan biro."

Ya karanta rubutun malamin lissafin a hankali, yana juya shi da Hausa saboda Sista Zelia, maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai, wadda tuni ta miƙo wuya daga bakin kasko.

"Wai a lissafinki, shayin da aka ajiye a kan tebur ƙara zafi yake yi har abada. Wai... wai yana so ki kawo masa wannan shayin ya gani."

"Ei!" Sista Zelia ta tafa hannu, ta ce da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji: "Fa'iza, ka kawo shayi nan mu sayar mana! Namu koko kafin rana ya hau ya mutu koraa, ya huce sarai."

Fa'iza ba ta yi dariya ba. Ta cika wa wani yaron mota leda, ta ɗaure bakinta, ta miƙa masa, sannan ta juyo.

"Amma ai na yi miki irin wannan tambayar," in ji Muftahu. "Wallahi na yi miki ita!"

"Ka yi. Na kuma haddace ta tas, ko waƙafi ban bari ba. Taka ta ƙwayoyin cuta ce masu ƙaruwa. Shi kuma ya kawo shayi mai hucewa."

"Alamar ragi ɗaya ce kawai bambancin, Zuciya..."

"Kada ka ce mini Zuciya a gaban masu saye."

"Fa'iza..."

"Ba ka koya mini komai ba, Muftahu. Yi mini ka dinga yi."

"Don ina sonki ne!"

"Na sani. Ga abin da son ya haifa nan a hannunka."

Ya yi tsuru-tsuru da takarda a hannu. Da ta ɗaga murya da ya fi masa sauƙi, amma ita ta faɗi maganar ne kamar mai gaya wa mutum ƙosai ya ƙare.

"In na faɗi babbar jarrabawa, na bar makarantar," ta ƙara, tana goge teburin. "Ga tebur, ga ludayi. Ba wanda ya taɓa ce mini na yi kuskure a nan."

*

Baban Fa'iza, Baba Iddrisu, mai sayar da kayan gyaran mota ne a kasuwar Abossey Okai. Ya rasu ana saura kaɗan a koma makaranta, ita kuma tana shekara ta biyu a karatun injiniya. Mahaifiyarta, Mma Abibatu, ta shiga takaba: wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, ba turare.

Teburin koko kuwa bai san takaba ba. A mahaɗar Kawukudi in ka bar gurbinka mako guda, za ka dawo ka tarar wata ta kafa laima har ta fara kiran mutanenka da sunayensu. Fa'iza ce kaɗai 'yar Mma, ita ce kuma ta san hannun Mma a citta da kanumfari. Ba wanda ya roƙe ta. Washegarin sadakar bakwai ta jiƙa gero, shi ke nan.

Matsalar ita ce lokacin koko shi ne lokacin darasin da 'yan aji ke kira dif, wato difarenshiyal ikweshan, lissafin yadda abu ke canzawa: yadda ruwa ke ƙarewa a tanki, yadda ƙarfe ke hucewa, yadda gada ke rawa in mota ta hau. Safiyar Talata da ta Alhamis ake yin sa. Kafin ta kwashe tukwane, ta yi wanka, ta sami torotoro, wato motar haya, Dokta ya daɗe da goge allo.

Kuma dif ƙofa ce. Wanda bai wuce ta ba, ba zai taɓa darussan shekara mai zuwa ba, sai ya zauna ya maimaita. Baba kuwa tun yana da rai ya yanke magana a gaban kowa, ranar da ya gane me ke kawo Muftahu gidan: ba aure sai da takardar gama makaranta a hannu. Mma ta riƙe maganar nan gam tun da mai ita ya tafi.

Muftahu ɗan unguwar Maamobi ne, yana gabanta da shekara ɗaya, kuma dif a wurinsa kamar shan ruwa. Da ya ga tana gyangyaɗi a kan aikin gida na farko, sai ya ce, "Kawo in rage miki." Ya rage na farko, ya rage na biyu, daga nan ya zama duka. Shi yana rubutawa, ita tana kwafewa.

Ita kuma Allah ya ba ta kai. Tun tana ƙarama a makarantar Islamiyya ta Nima aka san ta da hadda, shafi guda ta duba sau kaɗan ya zauna. Don haka ta yi wa dif abin da ta saba yi wa karatu: ta haddace shi layi-layi, har tana biya shi da ƙira'a a bakin tukunya. A zatonta ta iya. Sai da Dokta ya juya alama ɗaya, idonta ya raina fata.

Wani abu kuma da mutanen gidan hayarsu suke yabo: tun rasuwar ba ta yi kuka ba. Suna cewa yarinyar nan akwai haƙuri. Ita dai ta san ba haƙuri ba ne, kukan ne bai zo ba, kuma ba ta da lokacin zuwa nemansa.

*

Kwana biyu bayan faɗan, Muftahu ya zo bayan la'asar da littafi a hammata da fuskar tuba. Aka ajiye masa benci a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Mma, inda labule ke sauke tun da aka shiga takaba.

"Yau koyarwa zan yi, na rantse," ya ce. "Raba su. Y da 'yan uwansa gefe guda, x da nasa gefe guda."

Ta raba.

"Yauwa. Yanzu intigireshan, kowane gefe."

Ta tsaya. Biro ya tsaya a sama. Intigireshan na bara ne, ta ci shi da hadda, ya kuma tafi tare da jarrabawarsa.

"Ɗaya bisa y ne fa... mai sauƙi ne... kin san shi... a'a, ba haka ba, kawo in nuna miki."

Ya karɓe biron. Tambaya ta biyu ma haka. A ta uku ko tsayawa ba ta gama yi ba hannunsa ya riga ya iso. Fa'iza ta naɗe hannu tana kallon yadda rubutunsa ke gudu a kan takarda, kyakkyawa, ba gogewa. Da ya gama ta ce masa ta gode, ta ɗauki bokitin gero ta nufi injin niƙa.

Yana tattara littattafai ya ji murya daga bayan labule.

"Muftahu."

Ya durƙusa nan take. "Na'am, Mma. Ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ɗana, ni ban yi boko ba, amma kunnena lafiya lau. Tun da ka zauna, magana ɗaya nake ji: kawo in nuna miki."

Ya sunkuyar da kai, ko da yake ba ta ganinsa.

"Ba na iya ganin tana wahala, Mma."

"Saa? Ashe? Kai kaɗai ke sonta kenan?" in ji Mma. "Ka san yadda babanta yake karɓar haddarta? A kan bencin nan da ka zauna. Ya dawo daga shago, ya zauna, ya rufe ido. In ta yi kuskure ba ya ce mata komai. Gyaran murya kawai zai yi, sau ɗaya. Ita za ta koma baya ta nemo inda ta karkace. In ta kasa, ya nuna mata Alƙur'ani da haɓa, ta buɗe da hannunta ta duba. Bai taɓa sa mata kalma a baki ba."

"In ta yi kuka fa?"

"Ta sha yi paa. Ni ce nake faɗa da shi, in ce Malam ka faɗa wa yarinya mana, abinci na hucewa. Ya ce, Abibatu, in na faɗa mata, tawa ce, gobe zan tafi shago da abata. In ta samo kuma, ya ce, yauwa, ci gaba. Iyakar maganarsa kenan."



"In kuma hannunka ne ke ƙaiƙayi, dole sai ya taimaka," in ji Mma, "akwai ludayi a Kawukudi. Talata da Alhamis."

*

Washegari ya zo, ya zauna, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa. Fa'iza ta kalle shi ta kalli hannayen, ba ta tambaya ba. Ta fara rubutu.

Layi na farko lafiya. Na biyu lafiya. A na uku ta tsallakar da x zuwa ɗaya gefen ta bar alamarsa a baya.

Muftahu ya yi gyaran murya.

Biron ya tsaya. Ba ta ɗago ba. Wata mata na tara ruwa a famfon tsakar gida, ƙarar bokitin ce kaɗai ake ji.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Zuciya, ni dai..."

"Na ce wa ya koya maka?"

Idonsa ya tafi kan labule. Labulen ko motsi.

"Kada ka sake," ta ce. "Ka yi tari, ka yi atishawa, ka buga benci, duk abin da ka ga dama. Wannan ba naka ba ne."

"Yi haƙuri..."

"Faɗa mini inda na yi kuskure."

"Ba zan faɗa ba."

"Muftahu, magariba ta kusa, ban tace gasara ba. Faɗa mini!"

"Wallahi yana bakina, Fa'iza, kamar ya faɗo! Amma ba zan faɗa ba."

"Da da nake cewa ka bari, ba ka bari ba. Yau da nake roƙonka..."

"In na faɗa, tawa ce."

Ta rufe littafin a hankali, ta miƙe.

"Tashi ka tafi gidanku."

Ya tafi. A bakin ƙofar gidan ya tsaya ya goge ido da hannun riga, don shi mutum ne mai saurin hawaye, abin da ita take yi masa tsiya a kai tun farkon haɗuwarsu. Ita kuwa ta tace gasararta, ta yi salla.

Sai da ta zo ɗaure bakin buhun gero, hannunta ya tsaya. Ta koma ta buɗe littafin a tsaye. Ta bi layi na farko da yatsa, ta bi na biyu. A na uku ta gan ta, 'yar ƙaramar alamar da ta bari a baya, zaune abinta. Ta gyara. Amsar ta fito daidai da ta bayan littafi.

Ta ji haushi ƙwarai, don ta so a ce bai yi gaskiya ba.

*

Safiyar Talata tana sauke tukunya a Kawukudi ta tarar da shi tsaye, ya naɗe hannun riga.

"Me kake yi a nan?"

"Ba ni ludayin. Ki je aji."

"Kai? Ka iya ɗaure leda?"

"Zan koya. In na yi kuskure Sista Zelia ta yi mini..." ya haɗiye sauran. "Ta buga mini benci."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta cire zanin da ta ɗaura a kan siket, ta miƙa masa ludayin ta wajen mariƙi.

"Cokali biyu na sukari, in ba an ce a ƙara ba. Mai gadin banki ba ya shan sukari. Kada ka bar murfi a buɗe."

Ranar yaran mota sun sami abin dariya. "Chale, ango ya kama aiki!" Ya ƙona yatsa, ya zubar da leda biyu, ya sa wa mai gadin banki sukari. Sista Zelia ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai ilimi da hannun hagu biyu ba sai shi. Bai fasa zuwa ranar Alhamis ba.

Fa'iza kuwa ta shiga aji ta zauna a baya, ta tarar an yi mata nisa. Dokta yana maganar abin da ke lilo yana dawowa, ita ko raba x da y ba ta gama ƙwarewa ba. Ta rubuta abin da ta iya, sauran ta bar shi ya wuce ta kai.

Dole ta koma baya, baya sosai, har littafin bara. Akwai kunya a ce 'yar shekara ta biyu tana zaune a torotoro da littafin 'yan shekarar farko, sai ta naɗe bangonsa da takardar kalanda. Ta hana kanta hadda. Duk layin da ta ji ya fara zama a kanta da ƙira'a, sai ta canza lambobin ta sake daga farko.

Ba kullum ake cin nasara ba. Akwai ranar da ta yi tambaya guda daga la'asar har kiran magariba, Muftahu na zaune a kan hannayensa yana zufa kamar shi ake yi wa jarrabawa, yana buga benci da dunduniya in ta karkace. Akwai ranar da ta yi jifa da biro ya faɗa cikin kwata. Akwai mako guda cur da wata hanya ta ƙi shiga kanta, ta rubuta ta, ta goge, ta rubuta, har takardar ta huje.

Wani lokacin Mma kan jefo tambaya daga bayan labule, don zaman ɗaki ya ishe ta.

"Wannan C da kuke ta kira, waye shi?"

"Ba mutum ba ne, Mma. Lamba ce da ba a sani ba sai an san inda abu ya fara."

"Yoo. To me ya sa ba a sani ba?"

Fa'iza ta kwana biyu tana neman yadda za ta faɗa wa Mma da Hausa, kuma a wajen neman ne ita kanta ta gane.

Wata safiya a bakin tebur ta ɗora tafin hannu a jikin tukunya, kamar yadda take yi kullum don ta san ko lokacin ƙara rufi ya yi. Ta daɗe da sanin cewa koko da fari yake saurin hucewa, in ya yi ɗumi kuma sai ya dinga ja a hankali. Ta tsaya da hannu a jikin tukunyar. Ashe abin da layin nan na shayi yake faɗa kenan: gwargwadon yadda abu ya fi iskar wurin zafi, gwargwadon saurin hucewarsa. Alamar ragin kuma ita ce ke cewa ƙasa ake yi, ba sama ba.

"Fa'iza! Mutane na jira, ka tsaya kana shafa tukunya!" in ji Sista Zelia.

Da yammar ranar, da Muftahu ya ɗaga dunduniya zai buga benci, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Bencin nan na mutane ne, za ka karya shi. Yi ɗayan."

"Wanne?"

"Ka sani."

Ya yi gyaran murya, a hankali. Ta runtse ido kaɗan, ta koma baya ta nemo kuskurenta.

*

Mma ta fita takaba a makon jarrabawa. Aka yi sadaka, ta yi wanka ta sa sabon zane, washegari ta karɓi ludayinta daga hannun Muftahu, ta duba yatsunsa da suka sha ƙuna ta ce Allah ya yi masa albarka. Ranar jarrabawar dif, Fa'iza ta bar gida ba ƙanshin hayaƙi a jikinta, karo na farko tun rasuwar.

Zauren jarrabawar babba ne, fankoki na juyawa a sama. Ta karanta tambayoyin. Ɗaya ba ta ko san ta inda za a kama ta ba, ta tsallake. Biyu ta yi su da ƙyar. Ɗaya ta yi rabi. Ta lissafa a ranta ta ga ta ƙarshe ce za ta raba gardama: tanki cike da ruwa, an buɗe famfo a ƙasansa, ana so a san yadda ruwan zai kasance bayan wani lokaci.

Ta raba su. Ta yi intigireshan. Ta nemo C daga inda ruwan ya fara. Amsa ta fito tsaf, ta ja mata layi biyu a ƙasa, ta ajiye biro. Aka ce lokaci ya kusa.

Can gaban zauren, wani dattijo cikin masu tsaron jarrabawa, wanda ko kallon inda take ba ya yi, ya yi gyaran murya. Sau ɗaya. Ƙila ƙura ce ta shige masa maƙogwaro.

Hannun Fa'iza ya koma kan biro kafin ta yi tunani. Ta dubi amsarta, ta tambaye ta abin da ta koyi tambaya: me kike cewa? Amsar tana cewa an buɗe famfo, ruwa na zuba, tankin kuma ƙara cika yake yi.

Ta koma sama. Layi na farko. Na biyu. A na uku ta same ta.

Ta gyara, ta bi layukan ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana gyarawa, ruwan tankin ya fara raguwa yadda Allah ya halicci ruwa. Ta rubuta amsar ƙarshe. Sannan ta tsaya tana jira, don akwai maganar da ake yi bayan an samo.

Ba wanda ya yi ta. Fanka kawai ke juyawa.

Ɗigo na farko ya faɗa a gefen takardar, ta yi sauri ta janye ta don kada tawada ta ɓaci. Ta kifa kai a kan tebur. Wata mai tsaro ta zo ta dafa ta tana cewa ta yi haƙuri, akwai wata shekarar, ba a kanta aka fara faɗuwa ba.

Muftahu na jiranta a waje. Da ya ga idonta, ya taho da sauri.

"Innalillahi... ta yi wuya? Zuciya, ba komai, wallahi zan jira, ko shekara nawa ne..."

"Kai ni gida," ta ce.

Sun tarar da Mma a tsakar gida tana wanke tukwane. Ta ɗago ta dubi fuskar 'yarta, ta ajiye soso.

"Mma... an yi mini gyaran murya."



"Kin samo?"

"Na samo."

Mma ta goge hannu a zane, ta buɗe su. Fa'iza ta faɗa jikinta tana kiran Baba da ƙarfi, kamar yau aka fita da shi, har matan gidan suka firfito daga ɗakuna. Sista Zelia ta kore su da hannu. "Ku bar Fa'iza ya yi. Bashin kuka ne yake biya." Muftahu na tsaye a bakin famfo, ya riga kowa jiƙa gaban riga.

*

Da sakamako ya fito, C ta samu. Muftahu ya ce da an ba ta ƙarin lokaci da B ce. Ta ce ya bar mata abarta haka, ita ta san inda ta samo ta.

Da yammar ya zo gidan cikin kaftani mai guga, ya durƙusa gaban Mma, wadda yanzu ke zaune a kan bencin da kanta, labule a ɗage. Fa'iza na gefe tana tsince gero a tire.

"Mma, dama... wato baffana ne ya ce... ba wai aure ba, na san maganar Baba, sai ta gama, ni ma ban ce... gaisuwa ce kawai, a san juna... wato in Fa'iza ta... a'a, in ku kun..."

Ya rikice, ya dubi Fa'iza yana neman ceto. Kalma ɗaya za ta sa masa a baki ya fita.

Ba ta ɗago daga tiren ba. Ta yi gyaran murya, sau ɗaya.

Muftahu ya koma farko.

"Mma, ina son Fa'iza. Zan jira ta gama karatunta kamar yadda Baba ya ce. Ina neman izini manyana su je su gaida Baffa Mahama, ƙanin Baba, a san da zamana."

Mma ta dubi gefen bencin da ba kowa, ta shafa katakon da tafin hannu. Sannan ta dube su su biyun.

"Yauwa," ta ce. "Ci gaba."